Zaɓen Makarantar Likita: A Dubi Ijaza Kafin A Dubi Suna

 Ga bayani a kan wata mas'ala wadda ta shiga zauruka da rumfunan kasuwa a zamanin nan, watau sha'anin yaron da ya gama sakandare yana so ya zama likita, da yadda shi da iyayensa suke zaɓen makarantar da zai shiga. Kowace shekara dubban yara suna neman wannan karatu, gurabe kuwa kaɗan ne. Wani uban ya sayar da gona, wani ya taɓa jarin kasuwa, wata uwar ta fid da zinariyar da ta ajiye, duk domin a kira ɗansu Dakta. Abin da ake zubawa dukiya ce mai yawa, da shekara 6 ko fiye daga ƙuruciyar yaro, waɗanda ba su komowa. Saboda haka ya wajaba a san abin da ake saye tun ba a biya ba.

Galibin masu zaɓe sukan fara duba sunan makaranta, da ƙasar da take, da inda maƙwabci ya kai ɗansa. Waɗannan kuwa su ne mafi ƙarancin amfani. Tambayar da ta fi su nauyi ita ce: in yaro ya gama, takardar da za a ba shi za ta ba shi iznin taɓa marar lafiya a ƙasarsu, ko kuwa? Malamai sun daɗe da sanin irin wannan. Almajirin ilmi ba ya tambayar faɗin zaure. Abin da yake tambaya shi ne wa ya karantar da malamin, in kuma an ba shi ijaza, wa zai yarda da ita. Falke ma ba ya sarin kaya sai ya san kasuwar da za ta karɓa.

Asalin izni

Neman izni kafin aikin likita ba yau aka fara shi ba. Masu tarihi sun ruwaito cewa a Bagadaza, cikin shekara ta 319 ta Hijira, watau 931, wani mutum ya rasu saboda kuskuren mai magani. Sai Halifa Muƙtadir ya yi umurni kada kowa ya ƙara yin wannan aiki sai babban likitansa, Sinanu ɗan Sabitu, ya jarraba shi ya ba shi takarda. An ce waɗanda aka jarraba sun haura 800. Hikimar abin a fili take. Maɗinki in ya ɓata riga ana iya biyan mai riga, amma rai ba a biyansa.

A Nijeriya ma an ga yadda takarda take ɗaga mutum ko ta tauye shi. A shekara ta 1930 gwamnatin Turawa ta buɗe makarantar likita a Yaba, cikin Ikko. Yaran da suka shiga sun sha karatu mai tsawo, amma takardar da aka ba su ba ta aiki sai a cikin Nijeriya, aka kuwa riƙa ɗaukarsu mataimakan likita, albashinsu ƙasa da na wanda ya karanto a Ingila. Cikin shekarun 1950 an buɗe irin wannan makaranta a Kano domin 'yan Arewa. Shi ya sa mai hali a lokacin yakan nufi ƙetare. Dakta Barau Dikko na Wusasa, wanda aka sani da likitan farko daga Arewa, a Jami'ar Bamingham ta Ingila ya yi karatunsa. Da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Badun, watau Ibadan, a 1948, sai aka jingina ta da Jami'ar Landan domin takardarta ta karɓu ko'ina, kuma ɗaliban farko sai da aka riƙa kai su Ingila su ƙarasa koyon aikin asibiti, har aka buɗe babban asibitin koyarwa na Badun a 1957. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an kafa ta a 1962, ta fara koyar da likitanci a 1967.

Yau masu ba da izni a Nijeriya hukuma biyu ne. Akwai Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, wadda take duba ko jami'a ta cancanci koyar da fannin. Akwai kuma Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, wadda asalinta ya koma 1963. Ita ce take aika manyan likitoci su zaga makaranta, su ƙirga malamai da gadajen asibiti da kayan aiki, kana ta amince ko ta ƙi. Ita ce kuma take rubuta sunan likita a rajista. Wanda sunansa bai shiga wannan rajista ba, ko da ya haddace littattafan likita duka, doka ba ta yarda ya duba marar lafiya ba. To, tambayar farko da uba zai yi game da kowace makaranta ke nan: Majalisa ta amince da ita? Amincewar cikakkiya ce, har a yaye ɗalibai, ko kuwa iznin somawa kaɗai aka ba ta? Sabuwar makaranta tana iya ɗaukar yara su yi shekara biyu ko uku, sa'an nan su tsaya cik, domin ba a amince da asibitinta ba tukuna.

Ƙofar shiga

Sau da yawa makaranta ce take zaɓen yaro kafin shi ya zaɓe ta. Ana bukatar ya ci darussa biyar da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO, watau Turanci, da lissafi, da ilmin halittu, da kimiyyar sinadarai, da fizik, jami'o'i da dama kuwa ba su yarda sai an ci su a zama ɗaya. Daga nan sai jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu ake yi, jimlar maki 400, likitanci kuwa yana cikin fannonin da ake nemar wa maki mafi yawa. Bayan wannan kowace jami'a tana da nata tankaɗe da rairaya. Akwai wata ƙofar kuma, ta wanda ya yi karatun share fage mai zurfi, irin jarrabawar IJMB wadda Jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita. Wanda ya ci ta da kyau yana iya shiga aji na biyu kai tsaye.

Ga wani abin da iyaye da yawa ba su sani ba. Jami'o'in gwamnatin tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi kowa maki daga ko'ina suke, 35 ga 'yan jihohin da suke kewaye da jami'ar, 20 ga 'yan jihohin da aka lissafa sun koma baya a ilmin boko, galibin jihohin Arewa kuwa suna cikinsu. Ma'anar wannan ita ce, maki ɗaya yana iya shigar da yaro a wata jami'a ya kasa shigar da shi a wata. Bakatsinen da ya rubuta jami'ar da ke nesa da yankinsu saboda sunanta ya yi kaurin suna, ya bar ta kusa da gida, ya watsar da rabon da doka ta ware masa da hannunsa. Yaro mai wayo yakan nemi sanin makin da aka yanke a shekarun baya a kowace jami'a, ya auna da nasa ƙarfin, kana ya rubuta zaɓinsa na farko, domin jami'o'in da ake rububinsu ba su cika waiwayar wanda ya sa su na biyu ba.

Sai a lura da wani tarko. Yaro yakan nemi likitanci a ba shi wani fanni mai kama da shi, kamar ilmin gaɓoɓin jiki ko ilmin aikin jiki, a ce masa ya shiga, daga baya zai sauya. Waɗannan fannoni ne masu daraja, amma mai takardarsu ba likita ba ne, sauyawar kuwa ba kowa take samuwa gare shi ba. In za a karɓa, a karɓa da sani.

Adadi da asibiti

Majalisar Likitoci takan yanke wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar a aji ɗaya, gwargwadon malamanta da gadajenta. Wata makarantar takan ɗebi yara fiye da wannan adadi a ajin farko, in shekara ta ƙare a tace, waɗanda suka rage a tura su wasu fannoni. Saboda haka bai isa a ce yaro ya samu gurbi ba. A tambaya, nawa aka ɗauka, nawa kuma Majalisa ta yarda su haye? Jirgin ruwan da aka yi wa lodi fiye da kima, in an kai tsakiyar kogi dole a rage kaya.

Tsarin karatun kansa yana nuna abin da ya kamata a duba. Shekarar farko ta kimiyya ce. Sa'an nan a shiga ilmin tashrihi, watau sanin gaɓoɓin jiki ta hanyar fiɗa, da sanin yadda jiki yake aiki, da sinadaran da ke cikinsa, a rufe da wata jarrabawa mai tsanani wadda take kayar da yara da yawa. Sauran shekara uku kuwa, ko fiye kaɗan, a asibiti ake yin su: sanin cututtuka, da magunguna, da ciwon yara, da haihuwa, da lafiyar jama'a, da aikin fiɗa. Rabin karatun ke nan a bakin gadon marar lafiya. Bayan an gama sai shekara guda ta sanin makamar aiki ƙarƙashin manyan likitoci, kafin a ba da cikakkiyar rajista, sai kuma shekarar hidimar ƙasa.

Tun da haka ne, darajar makarantar likita tana ga asibitinta. Jami'ar Ahmadu Bello tana da nata a Shika. Jami'ar Bayero tana koyarwa a Asibitin Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Sakkwato da Maiduguri da Jos da Bauci da Gombe duk suna da asibitocin koyarwa, jami'ar jihar Kaduna kuwa tana aiki da asibitin da aka sa wa sunan Barau Dikko. Uban da yake so ya gane makaranta, ya bar ginin ofis mai fenti, ya tafi asibitin da hantsi ya ga ko akwai marasa lafiya, ko akwai ƙwararrun likitoci masu zagaye da ɗalibai a bayansu. Yaron da bai taɓa karɓar haihuwa ba, bai taɓa ɗinke rauni ba, kamar gardi ne mai baƙi ba fassara.

Masu nufin ƙetare

Saboda ƙarancin gurabe a gida, iyaye masu hali da gwamnatocin jihohi sun daɗe suna tura yara waje: Sudan, da Masar, da Indiya, da Sin, da Rasha, da Yukren, da wasu ƙasashe. A cikin waɗannan akwai makarantu masu tsohon asali. Makarantar likita ta Masar an kafa ta a 1827 zamanin Muhammadu Ali, ta koma Ƙasrul Aini cikin Alƙahira a 1837. Azhar ta sami iznin koyar da likitanci da sauran fannonin zamani bisa dokar 1961. Makarantar likita ta Hartum an buɗe ta a 1924. Amma akwai kuma makarantun da aka kafa domin kuɗin baƙi kaɗai, sunan ƙasa kuwa ba ya raba wannan da waccan.

Duk wanda ya karanto likitanci a waje, in ya komo Nijeriya sai ya zauna jarrabawar Majalisar Likitoci kafin a ba shi izni, kuma an yi zama da dama inda waɗanda suka faɗi suka fi waɗanda suka ci yawa. Abin Yaba ya juyo ke nan. Da can takardar gida ce ba ta ƙetare teku, yanzu kuwa takardar waje ce ake tsarewa a bakin ƙofa. Dalilan faɗuwar ba ɓoyayyu ba ne. Na farko harshe. Ana iya karantar da yaro da Turanci a aji, amma marar lafiya a Sin ko Rasha da harshensa zai faɗi abin da ke damunsa, ɗalibin da bai iya harshen ba sai ya zama ɗan kallo. Na biyu irin cututtuka. Likitan da zai yi aiki a ƙasar Hausa kullum zai gamu da zazzaɓin cizon sauro, da amosanin jini, da sanƙarau lokacin zafi, da amai da gudawa da damina, da tamowa ga yara, da yoyon fitsari irin wanda ake gyarawa a Babbar Ruga ta Katsina, da saran maciji irin wanda ake kaiwa Kaltungo. Wanda ya yi shekara 6 a ƙasar ƙanƙara yana iya gamawa bai ga yawancin waɗannan ba sai a hoto. Ta wannan fuska Sudan ta fi kusa da ƙasar Hausa.

A Jamhuriyar Nijar kuwa da Faransanci ake koyarwa, a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da kuma Maraɗi da Damagaram. Bamaraɗen da ya haye Nijeriya neman likitanci, ko Bakanon da ya haye Nijar, iyakar da ke tsakani gajeriya ce, amma harshen karatu da hukumar izni daban suke. Kowa ya tambayi hukumar ƙasar da zai yi aiki a cikinta.

Guzuri da zaman lafiya

Fatake sun san cewa ba a auna guzuri da zangon farko. Uba yakan tara kuɗin shekara ɗaya ya ce sauran Allah zai kawo, alhali biyan makarantar waje da dala ake yi. A watan Yuni na 2023, kafin a saki farashin naira, dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya yi lissafinsa da farashin farko ya wayi gari bashinsa ya ninka sau uku, yaro yana aji uku ko huɗu, komowa asara, zama kuma babu hali. Jami'o'in kuɗi na cikin gida da naira ake biya, amma likitanci a cikinsu miliyoyi ne kowace shekara. Jami'o'in gwamnati sun fi sauƙi ƙwarai, kuma a 2024 an kafa asusun ba da rance ga ɗalibansu. Amma su ma suna da tasu cutar, watau yajin aikin malamai. A 2020 an rufe su wajen wata 9, a 2022 kuma wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mai zaɓe yana auna biyu ke nan, tsadar kuɗi da tsadar lokaci, kowane gida da abin da ya fi iya ɗauka.

Sai zaman lafiyar ƙasar da za a tafi. Ran 24 ga Fabrairu 2022 yaƙi ya ɓarke a Yukren, ɗaliban Nijeriya masu yawa suka tsere zuwa iyakoki, waɗansu suka maƙale a garin Sumi har kwanaki. A cikin shekarar nan Majalisar Likitoci ta ba da sanarwa cewa ba ta yarda da likitancin da aka koya ta intanet ba, domin ba a koyon taɓa ciki da jin bugun zuciya ta allon waya. Ran 15 ga Afrilu 2023 kuma faɗa ya tashi a Hartum. Aka kwashe ɗalibai a motoci, waɗansu zuwa iyakar Masar inda suka kwana da kwanaki cikin hamada, waɗansu zuwa Bur Sudan, kana jirage suka komo da su gida. Da yawa daga cikinsu sun bar takardunsu a baya, neman makarantar da za ta karɓe su a ajin da suke kuwa ya zama wani sabon aiki, domin makarantun gida adadinsu a ƙayyade yake. Ba wanda ya san gaibu, amma mai hankali yakan tambaya tun farko: in aka rufe wannan makaranta, ina za a kai yaro, kuma za a lissafa masa shekarun da ya yi? Ya kuma riƙa karɓar sakamakon kowace shekara a rubuce yana ajiyewa a gida.

Sha'anin 'ya'ya mata

Bukatar likitoci mata a Arewa ba ta neman dogon bayani, kowane magidanci ya san matan da suke jinkirin zuwa asibiti saboda ba mace mai duba su. Wannan ya sa jihohi suka riƙa ware wa 'yan mata gurabe na musamman, aka kuma kai waɗansu Sudan, inda Jami'ar Ahfad ta Umdurman ta shahara da koyar da mata zalla. Iyayen yarinya sukan ƙara wasu tambayoyi a kan na namiji: ina za ta kwana, akwai masauki a cikin asibiti domin aikin dare, wa ke gare ta a garin, in aure ya zo tsakiyar karatu makarantar tana da sassauci? Tambayoyi ne na gaskiya, kuma su ne suke sa da yawa su zaɓi makarantar kusa da gida ko da sun sami ta nesa. Sharaɗin dai shi ne kada kusanci ya sa a manta da tambayar izni.

Dillalai

Tsakanin uba da makarantar waje galibi akwai dillali. 'Yan kasuwa ba su bukatar a gaya musu cewa la'adar dillali tana fitowa ne in an yi ciniki, ko kayan sun yi kyau ko ba su yi ba. Akwai amintattu a cikinsu, amma maganar dillali ba hujja ba ce. Hujja ita ce a ga sunan makarantar cikin kundin makarantun likita na duniya, a tabbata hukumar likitocin ƙasarta ta amince da ita, a tuntuɓi Majalisar Likitoci ta gida tun kafin a biya ko kwabo. Abin da ya fi duka kuwa, a nemi likita biyu ko uku da suka gama can, suka komo, suka ci jarrabawa, suna aiki yanzu. In an neme su an rasa, amsa ta samu. Kuɗin makaranta kuma a biya shi a asusun makarantar, a karɓi rasit da sunan yaro.

Daga ƙarshe, shi yaron ma a tambaye shi. Karatun likita yana da ganin jini da gawa da kwana a tsaye, wanda aka tura don a faranta wa dangi rai sau da yawa yakan gaji a hanya. In shi ya so, ya kuma ci jarrabawarsa, sai a zauna da alƙalami da takarda a jera makarantun, a bi kowace da tambayoyin nan: izninta, da adadinta, da asibitinta, da harshenta, da kuɗinta na shekara 6 gaba ɗaya, da zaman lafiyar garinta. Wadda ta amsa su duka, ko da sunanta bai kai na wata ba, ita ce makarantar yaron, gama marar lafiyar da za a kawo masa wata rana da tsakar dare ba zai tambayi sunan jami'a ba.

Iyakar bayani ke nan. Allah ya sa a dace.